Faifan Bai Taɓa Ƙasa Ba

Haisam ya riga ya bar ƙasa kafin ya tabbata zai kai. Faifan wasan firisbin yana saukowa a karkace, iskar kogin da ya kewaye tsibirin Randall tana danna shi, shi kuwa ya miƙe a sama, hannun dama a gaba. Yatsunsa suka shiga ƙarƙashin bakin faifan, ya damƙe, sannan ƙirjinsa ya bugi ciyawa. Yana cikin gidan ci, ƙarshen filin da kama faifai a cikinsa ke ba da maki. Goma sha huɗu da goma sha huɗu ake, wanda ya ci wannan ya tafi gasar ƙasa, wanda ya faɗi ya tafi gida.

'Yan ƙungiyarsa suka kwararo daga gefen fili suna ihu. Kafin su iso, wata murya ta tashi a kansa da Turanci.

"Ya taɓa ƙasa."

Abdul-Fatawu ne, wanda ke tsaronsa daga ɗaya ƙungiyar. Yana tsaye, hannu ɗaya a sama, yana haki.

Wasan firisbi ba shi da alƙali. Manyan mutane ne, maza da mata, ke bin faifan roba a guje, kuma kowa shi ne alƙalin kansa. Idan ka yi laifi ka faɗa, idan ka ga laifi ka faɗa, idan an kasa daidaitawa a mayar da faifan hannun wanda ya jefo. Duk wasan a kan maganar mutum yake tsaye. Abin da ya sa Haisam ya so shi ke nan, tun ranar da abokan aikinsa na ɗakin gwajin jini suka ja shi fili. Yanzu gashinsa ya fara fari, gwiwarsa ta hagu a ɗaure take, likita ya ce wannan shekarar ce ta ƙarshe. Bai taɓa zuwa gasar ƙasa ba.

Ya tashi zaune, faifan na hannunsa. Ya ce da Turanci, don kowa ya ji, "Na kama shi a sama. Hannuna yana ƙarƙashi."

Kowa ya tsaya inda yake, kamar yadda doka ta ce. Abdul-Fatawu ya durƙusa kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa, kamar mai duba ko ya ji ciwo. Sai ya sauke murya, ya koma Hausa.

"Yaya, ka yi hanƙuri. Ka kama, na gani."

Haisam ya dube shi.

"To, faɗa musu."

"Ba zan iya ba. Sau uku ka ci a kaina yau. In ka ci wannan ma, mutanen nan sun gama da ni. Shekarata ta farko ke nan da su, Yaya. Kai ka ci zamaninka."

"Fatawu, ka ji tsoron Allah."

"Za a sake jefowa ne kawai. Ka sake kamawa."

Ya faɗa yana murmushi, yana shafa masa baya. Masu kallo suka ga ɗan wasa yana lallashin abokin karawarsa, har wasu suka tafa.

Wannan yaron Haisam ne ya tsinto shi a bakin masallaci a Harlem, sabon zuwa daga Zangon Kumasi, ba aiki, ba rigar sanyi. Ya yi ta kwana a falonsu a Parkchester har ya samu tasin da zai riƙa tuƙawa. Balki, matar Haisam, ta koyi dafa wake da shinkafa irin na Gana saboda shi. Haisam ne ya fara ɗora masa faifai a hannu, ya nuna masa yadda ake murɗa wuyan hannu. Da babbar ƙungiya ta kira shi bana, Haisam ne ya ce ya tafi, ƙafafunsa sun fi ƙarfin ƙananan wasa.

Adwoa, kyaftin ɗin su Haisam, ta matso. A Bronx aka haife ta, tana jin yaren Twi na iyayenta, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya.

"Me yake ce maka?"

Abdul-Fatawu bai ko ɗaga kai ba. Bai ji tsoro ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Haisam zafi. Yaron ya san shi. Ya san mutumin da ya ciyar da shi ba zai tsaya gaban baƙi, mutum fiye da ɗari, ya ce ɗan'uwana maƙaryaci ne, ga abin da ya raɗa mini ba. Ya auna kunyar Haisam, ya ga za ta ɗauki nauyin ƙaryarsa, ya ɗora. Ba kuskuren ido ba ne, ba zafin wasa ba ne. Lissafi ne.

"Yana tambayar gwiwata," in ji Haisam.

"Kai kuma ka kama?"

"Na kama."

Aka kira mai sa ido da ke gefen fili, wanda ba ya magana sai 'yan wasa sun kasa. Mutumin ya ce jikin mai tsaro ya tare masa, bai gani ba. Aka sake tambayar Abdul-Fatawu. Ya buɗe hannuwa, ya ce cikin ladabi yana girmama Haisam fiye da kowa a filin nan, amma a idonsa bakin faifan ya shafi ciyawa.

Aka mayar da faifan hannun Adwoa, wadda ta jefo.

Haisam ya koma inda yake kafin jifan. Da aka ci gaba ya yi ƙoƙarin karyawa dama, gwiwar ta ƙi. Faɗuwar ɗazu ta ɗauki abin da ya rage mata. Adwoa ta neme shi da ido, ba ta same shi ba, mai tsaronta yana ƙirga mata daƙiƙun da suka rage ta jefa a kunne, ta jefa wa wani. Iska ta ɗaga faifan, wata doguwar yarinya daga ɗaya ƙungiyar ta buge shi ƙasa. Jifa kaɗan suka yi suka ci. Haisam yana tsakiyar fili yana ɗingishi lokacin da ihunsu ya tashi.

Bayan wasa akwai al'ada. Ƙungiyoyin biyu sukan yi da'ira a cuɗe, kowa ya rataya hannu a kafaɗar na kusa, kowace ƙungiya ta zaɓi wanda ya fi kyan hali a cikin abokan karawarta, ta ba shi ɗan abu. Su Adwoa suka yi shawara a gefe, idanunsu jajur. Wani ya ce a ba mai tsaron nan, ko a lokacin rigima bai ɗaga murya ba, har ya durƙusa yana duba wanda ya faɗi. Aka yarda. Adwoa ta cire hular ƙungiya daga jaka ta miƙa wa Haisam.

"Ƙanenka ne. Kai za ka ba shi."

Ya karɓa. Ya taka zuwa tsakiyar da'irar a hankali, saboda gwiwa. Abdul-Fatawu ya fito yana sunkuyar da kai irin na yaron kirki, aka yi ta tafi. Haisam ya sa masa hular a hannu, ba a kai ba. Yaron ya rungume shi, ya raɗa masa, "Na gode, Yaya. Allah ya bar zumunci." Hannuwan Haisam suna rataye a gefensa har aka sake shi.

Ya yi la'asar shi kaɗai a bayan tanti, a kan tawul. Ya kwance takalman wasa, ya zuba su a jaka. Wayarsa ta yi ƙara, Balki ce, tana tambaya ko su biyu za su zo, ta san yawan abincin da za ta ɗora. Ya ce mata shi kaɗai ne. Ta ce to.

Yana kan hanyar gadar ƙafa da ke tsallakawa Manhattan sai tasi ta rage gudu kusa da shi. Gilashi ya sauka. Abdul-Fatawu ne, hular tana kansa yanzu.

"Yaya, ina za ka da wannan ƙafa? Shigo in sauke ka. Na yi kewar miyar Anti Balki ma."

Haisam ya tsaya. Tun da suka san juna bai taɓa yi masa magana da wani yare ba idan su biyu ne. Ya gyara igiyar jakarsa, ya dube shi yadda ake duban direban da ba a kira ba, ya ce da Turanci, "A'a, na gode. Zan hau jirgin ƙasa."

"Yaya, haba. Wasa ne fa."

"Ka sauka lafiya," in ji Haisam, da Turancin dai.

Motar da ke baya ta yi oda. Tasin ta ɗan tsaya, sannan ta ja. Haisam ya kama ƙarfen gadar, ya fara hawa, ƙafar dama tukuna, sannan ya jawo ta hagu.