Gefen Hagun Malam Birki

Shekara talatin da ɗaya Malam Birki ya yi yana koyar da tuƙi. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, don ko mutum bai gama ɗora ƙafa a kan totur ba sai ya ji an ce masa, "Birki, birki." Rabin direbobin unguwar a hannunsa suka koya. Amma matarsa, wadda kowa ke kira Maman Auta, ko makullin mota ba ta taɓa murzawa ba. Tsoro take ji, kuma ba ta ɓoyewa. Ita dai a bar ta da keken ɗinkinta. In za a fita, sai ta zauna a gefensa, jaka a cinya, ta tattare ƙafafunta don kada ta taɓa birki na biyu da ake sa wa motar koyo a wajen fasinja.

Rana ɗaya ya dawo gida ya ce ya rufe makarantar, ya gaji, hutawa zai yi. Bai yi mako biyu da hutun ba ya tado wani tsohon burinsa. Akwai wata hanya a wata ƙasa, can tsallaken teku, da ya taɓa gani a jikin kalanda: kwalta siririya ta bi jikin dutse tana lanƙwasa, ga ruwa shuɗi shimfiɗe a ƙasa. Ya ce tun da ya auro ta bai taɓa kai ta ko'ina ba sai gidan biki da gidan gaisuwa, to yanzu za su hau jirgi, su ɗauki motar haya, ya tuƙa ta a kan wannan hanya da hannunsa.

Ta ji daɗi, ba ƙarya. Har ta yanka wa kanta riguna biyu masu kauri, don an ce can akwai sanyi.

Teburin cin abinci ya koma ofis. Ya shimfiɗa taswira, ya danne kusurwoyinta da kwalbar gishiri da almakashinta, yana bin hanyar da jan biro. Kwana tara za su yi. Ga inda za su kwana, ga inda za su sha mai, ga inda ake tsayawa a ɗauki hoto. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, takan biyo bayan ta tashi daga aiki da kwamfutarta, ita ke kama musu masauki tana tsokanarsu.

"Baba, ɗaki mai kallon ruwa zan kama wa amarya da ango, ko mai kallon bango?"

"Ke dai yi aikinki," in ji shi, yana dariya ƙasa-ƙasa.

A wajen ɗinki Maman Auta ta fara ganin abin. Ta ɗauko rigarsa za ta gyara hannun da ya yage, sai ta tuna ai wannan ce ta uku a wata ɗaya. Ta je ta ciro sauran biyun daga durowa ta jera su a kan gado. Duka hannun hagu ne, duka a daidai kafaɗa, irin yagewar da ƙusar jikin ƙofa ke yi. Ta daɗe tsaye a kansu. Sai ta tuna da ƙarcen da ke jikin motar, wanda ya ce wani mai kura ne ya goge shi a kasuwa. Shi ma ta hagu yake.

Washegari da safe ta kawo masa shayi yana duƙe kan taswirar. Da gangan ta ajiye kofin ta hagunsa, dab da gwiwar hannunsa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Tururi na tashi har yana shafar kuncinsa. Can ya ɗago.

"Yau ba shayi ne?"

"Ga shi nan kusa da kai, Malam."

Ya juya kansa gaba ɗaya, kamar mai neman wanda ya kira shi daga baya, sannan ya gan shi. Ya ce hankalinsa ne ya tafi wajen lissafin nisa.

Ta zagayo a hankali ta tsaya ta hagunsa, ta ɗaga wani jan ƙyalle da ke hannunta tana kaɗawa, kusa da fuskarsa har tana jin numfashinsa a bayan hannunta. Idonsa a buɗe, lafiya lau, baƙi da farinsa kamar kullum. Bai ko ƙifta ba. Ta sauke hannun, ta lallaɓa ta koma ɗakin ɗinki ta zauna. Ta fi rabin awa tana ƙoƙarin zura zare a allura.

Da yamma Auta ta zo da wani bidiyo da wani ya ɗauka daga cikin mota a kan hanyar. Suka zauna su uku suna kallo.

"Baba, ka dai san a can ta hagu ake tuƙi, sitiyarin kuma a dama yake?"

"Ni za ki gaya wa? Kafin a haife ki na sani."

Maman Auta ba ta jin su. Ita gefen hagun hoton take kallo. Kwaltar na ƙarewa sai wani ɗan shinge da bai wuce gwiwa ba, wani wajen ma babu shi, daga nan sai sarari, sai ruwa can ƙasa inda jiragen kamun kifi suka zama kamar ƙwayar shinkafa. A nan gefen kujerarta za ta kasance. A nan gefen kuma mijinta ba ya ganin komai.

Bayan Auta ta tafi ta gwada masa magana.

"Malam, da mun je an duba idonka kafin tafiyar nan."

"Me ya sami idona?"

"Gani na yi kamar ta hagu..."

"Kamar me?" Ya ajiye biron. Bai ɗaga murya ba, amma ta san wannan fuskar, ita yake yi wa ɗalibin da ya yi masa musu. "Shekara talatin ina ɗaukar 'ya'yan mutane a mota, ko kaza ban taɓa takawa ba. In tsoronki ne ya motsa, ki ce tsoronki ne. Kada ki ɗora wa idona."

Ta kira Auta a waya, ita ma abin da ta ce ke nan cikin dariya: "Mama, ke da ko lif ɗin hawa bene ba kya shiga. Ki kwantar da hankalinki." Nan ta gane abin da tsoron shekara da shekaru ya jawo mata. Yau da take da dalili, ba mai saurarenta.

Saura kwana goma sha biyu tafiya, ranar Asabar da hantsi, ya ce ta shirya su je hanyar da ake fasa dutse a bayan gari. Hawa ce mai kwana-kwana, yana so ya motsa hannunsa a kan giya, ita kuma ta saba da tudu. Ta so ta ce a'a. Sai ta tuna in ta ƙi, shi kaɗai zai tafi. Ta ɗauki jakarta ta shiga.

A cikin gari ta lura da abin da ba ta taɓa lura da shi ba: kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yana waiwayen hagu, yana dawowa, yana sake waiwayawa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Da suka fita gari hanya ta yi fili, sai ya saki jiki, ya fara ba ta labarin masaukin kwana na huɗu, wanda aka ce tagarsa a kan ruwa take. Waiwayen ya ragu.

Akwai wata mahaɗa a tsakiyar hawan, inda hanyar masu fasa dutse ke faɗowa kan kwalta daga hagu. Ta gaban fuskarsa ta hango wata tifa. Ta cika maƙil da tsakuwa, tana gangarowa, ƙura na bin ta a baya. Maman Auta ta jira ya sassauta. Yana ta magana a kan tagar masaukin. Tifar ta cika gilashin gefensa har tana iya ganin tsatsar da ke jikin bambarta, shi kuwa idonsa na gaba, yana murmushi.

Ba ta san lokacin da ƙafarta ta bar inda take ɓoye ta ba. Da ƙafa biyu ta taka birkin nan na gefenta, da duk ƙarfin da take da shi. Motar ta yi ƙara ta turje, jakarta ta bugi gilashi, injin ya mutu. Tifar ta wuce ta gaban hancinsu da hon mai tsawo, iskarta ta girgiza motar, 'yan tsakuwa suka zubo a kan bonet suna tsalle. Direban ya leƙo ya yi musu daƙuwa, bai tsaya ba.

Ƙura ta lafa. Ba abin da ake ji sai ƙas-ƙas ɗin injin mai zafi. Ƙafafunta na kan birkin har yanzu, ta kasa ɗage su.

"Daga ina ta fito?" ya tambaya. Muryar ba tasa ba ce.

"Tun daga saman tudu nake ganinta, Malam."

Ya sauke hannuwansa daga sitiyari ya ɗora a cinya. Ya yi magana, bai dube ta ba.

"Wata biyu ke nan. Na tashi da ciwon kai wata safiya, kin tuna, har kika ba ni magani. Tun ranar. Ba duhu nake gani ba, da duhu ne da na san akwai abu a ciki. Babu ne kawai. Duniyar ta ƙare a nan." Ya sa hannu a tsakiyar hancinsa.

"Shi ya sa ka rufe makarantar."

"Shi ya sa."

"Ka ji tsoron 'ya'yan mutane," ta ce a hankali, "ni kuma za ka ɗauke ni ka kai ni bakin ramin nan."

"Cewa na yi in ina juya kai zan iya. Na ce wataƙila kafin lokacin ya washe. Na yi miki alkawari. Ban san yadda zan zauna a gabanki in ce na zama wanda za a riƙa ja ba."

Ta miƙa hannu ta zare makullin ta jefa a jaka ta ja zif. Bai hana ta ba. Suka tura motar gefe da taimakon wasu mata biyu masu ɗauke da itace, suka zauna a kan wani dutse cikin rana suna jiran Auta da mijinta. Awa ɗaya da wani abu suka yi a wurin. Da Auta ta iso ta ga baƙin zanen taya a kan kwalta, ta dubi uwarta, ta sunkuyar da kai.

A asibiti likitar ido ta ce idon lafiyarsa ƙalau, ta tura su hoton kai. Wani likitan ya nuna musu ɗan tabo a jikin hoton, bai kai girman maɓalli ba. Ya ce jini ne ya toshe a wata ƙaramar jijiya ta bayan ƙwaƙwalwa, abin da ya tafi da wuya ya dawo, kuma in ba a kula da hawan jininsa ba na gaba zai iya fin wannan. Tuƙi kuwa ya ƙare. Malam Birki ya ce to, kamar ɗalibi.

Auta ta soke komai. Ya naɗe taswirar ya sa a saman kabad, ya koma zaman baranda daga safe zuwa yamma. Maman Auta kuma ta sami sabon abin tsoro. Kowace safiya kafin ta gaishe shi sai ta ƙare wa fuskarsa kallo, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki. In ya daɗe a banɗaki sai ta je ta tsaya a ƙofa tana sauraren motsin ruwa.

Ita ta ce ya koya mata tuƙi, ranar da suka yi awa biyu a bakin titi suna neman motar da za ta kai su ganin likita. Suka fara a filin ƙwallon wata makaranta. Makon farko kullum sai ta fito ta yi amai a gindin bishiya. Bai taɓa yi mata tsawa ba, abin da ya ba tsofaffin ɗalibansa mamaki da suka ji labari. Wata bakwai ta yi kafin ta sami lasisi, a gwaji na uku.

Sun yi tafiyar a shekarar da ta biyo baya, amma ba yadda aka zana ta da jan biro ba. Kwana biyar suka yi, ta hanyar ƙasa mai bin bakin ruwa, inda ba tudu ba rami. Ita ke tuƙi, ba ta wuce arba'in, motoci sun yi layi a bayanta, tafin hannunta na jiƙa sitiyari. A kowane gari suka shiga, kafin ta nemi masauki sai ta fara neman inda asibiti yake. Dutsen kuwa a motar 'yan yawon buɗe ido suka hau shi. Ta zaunar da shi inda tekun zai kasance ta damansa, ita ta runtse ido tun daga kwanar farko, ta riƙe hannunsa tana jin bugun jininsa a yatsunta. Yana ta gaya mata abin da yake gani, tana cewa to. Sau ɗaya ya yi shiru ya daɗe, ta buɗe ido a firgice ta dubi bakinsa.

"Lafiya ta lau," ya ce. "Wani jirgin ruwa nake kallo."