Zanen Cikin Jakar Arvo

Tsoho Eino Koskela yana zaune a kan dutse, ruwa na zuba daga gemunsa, yana kallon kwalekwalensu a kife iska na tafiya da shi tsakiyar tafki. Haƙoransa kaɗawa suke kaf-kaf, amma bakin bai mutu ba.

"Na gaya miki ki bar hagu," in ji shi. "Tun kina ƙarama ba ki san hagunki ba."

"Baffa, kai ne fa ka miƙe tsaye a cikin kwalekwale don kifi ɗaya," in ji Kaisa, 'yar ƙanensa. "Ɗaga hannu in cire maka rigar nan."

Duk wanda ya taso a arewacin jihar Minnesota ta Amurka ya san abin da ruwan watan Oktoba ke yi wa mutum, balle tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya. Sun dai samu sun ja jiki zuwa wannan ɗan tsibiri da jakunkuna biyu. Babbar, wadda Eino ya ɗaure da kansa yana cika baki, ta sha ruwa har wuya, jakunkunan barcinsu duk sun zama tsumma. Ƙaramar ta Kaisa ce ta tsira. Daga cikinta ta fito da busasshiyar riga, da ashana, da zanen cikin jakar barcinta.

Ta hura wuta da ɓawon itace, ta kafa tanti a bayan dutse. Waya ba ta kamawa a nan, kuma a ƙarshen kaka ba wanda zai bi ta tafkin sai gobe, in ma an yi sa'a. Rana ta riga ta karkata. Tsoro ya kama ta sosai, sai ta ɓoye shi cikin faɗa.

"Tashi, sarkin taurin kai. Shiga nan."

Ta warware zanen. Na ulu ne mai laushi, fari amma ya daɗe har ya koma ruwan madara, an ɗinke shi kamar buhu daidai tsawon mutum. Aikinsa a zura shi cikin jakar barci ya ƙara ɗumi, ya kuma sha zufar da za ta ɓata jakar. Yau shi kaɗai ne abin rufar da ya rage musu.

Eino ya dube shi, zolayar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Ina kika samo wannan?"

"Mama ta ba ni kafin ta rasu. Na Baba ne. Shiga mana!"

"Ba zan shiga ba."

"Haba Baffa!"

"Na ce ba zan shiga ba. Ki rufa ni da ganye. Ki rufa ni da tantin."

Mu da muka yi tafiyar daji da Eino mun san bai taɓa yarda da zanen ciki ba. Jakarsa warin tsohon kare take yi, ko zif ɗinta ba ya ja. Mun sha yi masa tsiya a ɗakin sauna inda muke wankan tururi, yana dariya yana zaginmu. Mun ɗauka ƙazanta ce kawai, Allah ya yafe mana.

Ya miƙa yatsa, da ƙyar yatsan ya tsaya wuri ɗaya, ya nuna bakin zanen inda aka bi da shuɗin zare aka lilliƙe wasu ƙananan yagewa a jere.

"Kin san mene ne wannan?"

"Gyaran Mama ne. Asu ya ci."

"Asu! Ni ne asun." Ya ci gaba. "Ranar da zuciyar babanki Arvo ta tsaya a Tafkin Kivi, daga ni sai shi. Ba ni da abin da zan sa shi a ciki. Na zura shi a wannan, na ɗinke bakin da zaren kamun kifi saboda ƙudaje. Haka na fito da shi, in tuƙa, in saɓa shi a kafaɗa zuwa tafki na gaba, in dawo in ɗauki kwalekwale. Na ɗauka uwarki Irja ta ƙone zanen."

Kaisa ta tsaya da zanen a hannu. Tana aji uku lokacin da mahaifinta ya rasu, abin da aka gaya mata kawai shi ne Baffa ya kawo shi gida. Tun da ta fara shiga daji a cikin zanen nan take kwana, ta kan ja bakinsa har hancinta. Ta ji kamar ta jefa shi a wuta. Sai ta dubi leɓɓan tsohon, sun fara yin shuɗi.

"To, na ji," ta ce. "Ni ma na kwana a ciki shekara da shekaru, ga ni. Baffa, na rasa uba a dajin nan. Ba zan fita da kai a kafaɗa ba, ka fi ƙarfina, kuma ban iya ɗinki ba."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Uwarki sak. Baki kamar reza."

Ba yarda ya yi ba, ƙarfin musu ne ya ƙare masa. Ta ja shi cikin tanti, ta zura masa ƙafafu, ta ja zanen ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu. Da ya iso ƙirji sai ya damƙe wuyan hannunta.

"Kar ki rufe min fuska."

"Ba zan rufe ba."

"Duk inda muka tsaya sai na farke zaren na leƙa shi. Na san ya tafi, amma sai in ji kamar ya yi magana. In sake ɗinkewa." Idonsa ya koma ƙofar tanti. "Wa ke bakin wuta?"

"Ba kowa, Baffa. Inuwar icce ce."

Ta ce haka, amma ba ta waiwaya ba.

Ta gasa duwatsu ta naɗe a safa ta cusa masa a hammata. Ta ba shi ruwan zafi da sukari, ya ce wannan ba kofi ba ne, cin mutunci ne. Sannan ta kwanta a bayansa ta rungume shi ta saman ulun, tana jin karkarwarsa har cikin ƙashinta. Tana ta jan sa da hira don kar barci ya sace shi, yana amsawa, amsar na ƙara gajarta.

A ƙasarmu ko yaro ya san cewa karkarwa tana daina wa mutum ta hanya biyu. Ko dai ɗumi ya shige shi, ko kuwa jiki ya gaji ya saki, a lokacin nan ne ma yake jin daɗi yana cewa zafi yake ji.

Haske bai gama barin bangon tantin ba jikin Eino ya daina karkarwa.

"Baffa?"

"Na'am." Muryar a sake take, kamar ta mai shirin barci bayan ƙoshi. "Kaisa, akwai ɗumi a nan ciki fa. Sai ka ce yanzu wani ya tashi ya ba ni wuri."

Ta zura hannu ta bakin zanen ta taɓa wuyansa. Yatsunta sun daɗe da mutuwa saboda sanyi, ba su gaya mata komai ba.