Takalman Kong Mi'un

"Ni ba ɓera ba ne," in ji Kong Mi'un, ya ƙanƙame ƙarfen matakala. "Ramin nan sai ku."

Maƙwabcinmu ne, katako ɗaya ya raba ɗakunanmu. Ya tsufa yana tuƙa keke mai ƙafa uku a Jakarta har hayaƙi ya cinye masa huhu. Duk shekara kafin azumi yakan kai furanni kabarin matarsa, Nyak Rodiah, can kudancin gari. Bana likita ya hana shi zaman cunkoso. Ba sauran hanya sai jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda saboda tasharsa aka rushe rumfar da yake shan kofi.

Na ce, "Kong, jibi azumi. In ba ka je ba, me za ka ce mata?"

"Tohir, ɗan nema, da ita kake tsorata ni?"

Ya sauka dai, yana haki, ledar furanni a hammata.

Jirgi ya tsaya, cikinsa sai ƙyalli. Kong ya tuɓe silifas ɗinsa a bakin ƙofa, ya jera su, ya yi sallama ya shiga. Sai da ƙofa ta rufe na hango su ta gilashi.

"Kong, takalmanka!"

"Wa ke taka wuri irin wannan da takalmi? Uwarka ba ta koya maka ba?"

"Ai mun bar su ke nan."

"Za su jira."

Wata mata ta rufe baki tana dariya, ta tashi ta ba shi kujera. Har muka isa bai yi tari ba.

Da muka sauka na miƙa masa takalmana, ya ƙi. Haka ya taka maƙabarta ƙafa ba takalmi. Ya watsa furanni, ya zuba ruwan wardi, ya dafa ƙasar.

"Rodiah, ta ƙasa na biyo yau. Ashe da sanyi, ba ki faɗa min ba."

Da muka dawo an share tashar, babu takalmansa. Ya gaji, ba mu nema ba.

Tsakiyar azumi aka kafa tutar takarda mai ruwan ɗorawa a bakin lungunmu, alamar rasuwa. Kong ne ya rasu. Ni na ɗaura ta.

Bayan jana'iza na koma tashar. Mai shara ya ɗauko min takalman a leda.

"Na tsohon nan mai sallama ne? Ka gaishe shi."

Na ce to.

Na kawo su na jera a ƙofar ɗakinsa, yadda yake jerawa. Diddigen na hagu ya fi cinyewa.