Gyalen Malam Pokorni

"Layi na biyu, gefen hagu," in ji Malam Pokorni, yana cusa mini gyalen wuyansa a hannu. "Ki ɗaure shi a jikin ƙarfen jinginar da kyau, maƙwabciya, kar wani ya shige mini wuri."

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ya raba ɗakunanmu a Viyana, rabinsu kuma faɗa muka yi a kan ƙarar faifansa. Ni tsohon kiɗan Turawan nan bai taɓa shiga kaina ba. Shi kuwa ba Lahadin da safiya za ta yi bai je zauren kiɗa ba, can baya wurin masu tsayuwa, inda kowa ke ɗaure gyale ya kama wurinsa. Yanzu ƙafa ta ƙi, likita ma ya daina ɓoye masa komai. Bai faɗa ba, amma na san abin da ya aike ni: in gano ko akwai wanda zai tambayi inda yake.

Na je na ɗaure. Tsohon da ke gefena ya dubi gyalen, ya dube ni, ya mayar da ido kan makaɗa. Ko tari bai yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da goge ya yi shiru na ɗauka an gama, na shiga tafi iya ƙarfina. Ashe kiɗan kashi huɗu ne, ba a tafawa sai an kai ƙarshe. Ni kaɗai na tafa. Ido ya yi mini caa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na koma gida na tarar da Malam Pokorni kwance, rediyo a kan matashinsa, don kai tsaye ake sa kiɗan Lahadi.

"Na ji ki," ya ce. "Duk ƙasar nan ta ji ki. Hannu kamar na mai wankau."

Ya yi dariya har ta zame masa tari. Da ya lafa ya tambaya wa ya neme shi. Na ce mutane da yawa, har da wata mai jar hula.

"Ba ki iya ƙarya ba, maƙwabciya. Shekara arba'in muna tsayuwa kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya san sunan wani. Kiɗa muke zuwa ji." Ya juya fuska ga bango. "Na dai ɗauka ko za su lura."

Ranar Laraba da hantsi ya cika.

A maƙabarta mu huɗu ne: ni, da limamin coci, da masu haƙa kabari biyu. Limamin ya yi karatunsa ya rufe littafi, wuri ya yi tsit. Na tsaya hannuwana cikin aljihun kwat, ina jiran wani ya fara motsawa, don ban sani ba ko an gama.