Bangon Da Bai Kai Rufi Ba

Clifford Jupurrurla mutum ne mai son taro, musamman taron da shi ne a kujerar tsakiya. Ko da ƙodarsa ta gaza aka kwashe shi zuwa birnin Alice Springs, bai sauka daga shugabancin kwamitin ƙauyensu Pirlinya ba. Ta waya yake mulki, daga wani ɗakin masauki mai warin maganin goge ƙasa. Shekara biyar yana can. Sau uku a mako a jona shi da na'ura a wanke masa jini, sauran kwanakin ya zauna gaban kanti yana bin motocin da suka nufi hamada da kallo. Ya tsani garin nan iya tsana. Abu ɗaya yake so a duniya: ya koma gida, ya shaƙi hayaƙin itacen garinsu, ya kwana kusa da matarsa Rosina, wadda ta yi ta raba kanta tsakanin miji a birni da tsohuwar uwa a ƙauye har ta gaji ta zauna wajen uwar.

Da aka amince a gina ɗakin wankin ƙoda a Pirlinya, Clifford ya ce wannan karon ba za a yi musu irin ta tsohon asibiti ba. Shi wancan wasu baƙi suka zana shi, suka ba shi ƙofa ɗaya tal, suka watsa zanen ɗigo-ɗigo a bango suka ce ga al'ada nan. Sakamakon shi ne namiji zai zo da yanka a hannu ya tsaya gindin bishiya jini na zuba, don surukarsa na ciki tana jiran maganin tari. Ko yaron goye a Pirlinya ya san miji ba ya kallon uwar matarsa, ba ya kiran sunanta, ba ya shiga ɗaki ko mota ɗaya da ita. Clifford ya haura shekara talatin da auren Rosina, amma abin da ya sani na uwarta Maudie Nampijinpa bai wuce bakin zanenta da karnukanta ba. Idan ya ga karnukan sai ya sake hanya.

Wadda aka ba aikin zanen 'yarsa ce, Delvene, da ta karanto zanen gine-gine a Adelaide. Ba ta zo da takarda ba. Ta zauna a ƙasa da mata a bakin busasshen rafi, ta zauna da maza bayan garejin motoci, tana zana ɗaki da yatsa a yashi, su share da tafin hannu, ta sake. Kusan shekara aka yi a haka. Aka tsayar da ƙofa biyu, ta gabas da ta yamma, kowace da hanyarta da inuwarta, da taga babba a gaban kowace kujera mai kallon dutsen garin.

A kan bangon tsakiya aka sha gardama. Clifford, wanda aka jingina wayarsa da gwangwanin shayi a tsakiyar taro, ya ce a kai shi har rufi.

"Baba, nas ɗaya ce," in ji Delvene. "Dole daga teburinta ta riƙa ganin kujerun biyu. Na'urar sanyi ma ɗaya ce. In na toshe sama, wani zai yi sanyi, wani ya dahu."

Dattawa suka yi ta juya maganar, daga ƙarshe suka yanke cewa bangon da ya fi tsawon namiji a tsaye, mai ƙofa ta kowane gefe, ya raba ɗaki biyu ke nan a Dokar kakanni. Clifford da bakinsa ya sanar da hukuncin, kamar shi ya ƙirƙiro shi. Daga ranar duk wanda ya zo daga gwamnati sai ya sha jawabi: "Wannan gini mu muka yi shi. Ba a zana mana ba, an saurare mu."

Ana ɗora rufi ƙodar Maudie ta gaza.

Kujera biyu ce a ɗakin, kuma kwana uku a mako ake aiki, da safe kaɗai, don da rana ruwan tanki kan yi zafin da na'ura ba ta karɓa. Mutum biyu ne a garin suka fi kowa bukata. Ba sai an yi dogon lissafi ba.

Clifford ya dawo gida da murna har da hawaye, ya ci wutsiyar kangaru gasasshiya duk da likita ya hana. Ranar farko Rosina ta tashi da sassafe ta je ta ɗauko uwarta ta ƙofar gabas, shi kuwa ya shigo ta yamma da sabuwar hula. Nas ɗin, Marites, 'yar Filifin ce mai saurin hannu. Ta soka masa allurai biyu, ta zagaya bango, ta dawo teburinta. Ya miƙe ƙafa yana kallon dutse, yana jin duniya ta gama yi masa komai. Sai murya ta tsallako ta saman bango, busasshiya, ba gaggawa.

"Ke na'ura, kina ji na?"

Suruka ba ta magana da suruki. Amma ba dokar da ta hana tsohuwa yin hira da karenta, ko da wutarta, ko da akwatin ƙarfe mai wanke jini, kuma in wani na kusa ya ji, kunnensa ya jawo masa.

"Ke na'ura, akwai wani mutum. Shekarar da aka yi ambaliya ya aiko min da nama. Na duba, na juya, na ce wannan guza ne ko igiyar takalmi? Karnukana ma sai da suka yi shawara kafin su ci."

Marites ba ta jin Warlpiri, yaren garin, sai ta yi murmushi ta ce tsohuwa na cikin raha yau. Clifford ya dubi alluran da ke hannunsa. Awa huɗu ake yi, kuma wanda aka jona ba ya tashi.

Ashe shekara talatin Dokar da yake ta jawabi a kanta ba girma kaɗai take ba shi ba, laima ce ta riƙe masa. Maudie ba ta mance komai ba, ajiya take yi. Na'urar ta ji labarin motar Toyota da wani mutum ya ara wa abokinsa aka dawo da sitiyari kaɗai. Ta ji labarin mutumin da yake waƙa da jita a bikin ƙwallo har jakunan jeji suka bar bakin rijiya. Ta ji na wanda ya bar matarsa da jariri ya tafi taro Darwin, ya dawo da riga ɗaya mai rubutu, tasa. Abin da ya fi ci masa rai, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Wani lokacin ma takan yi shiru har ya fara gyangyaɗi, sannan ta ce, "Ke na'ura, na tuna wani."

Ya kai ƙara wajen Rosina. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Da kai take? Ni na ji da na'ura take."

Ya kai wajen 'yarsa.

"Delvene, bangon nan naki gajere ne."

"Bangonku dai, Baba. Kai ka sanar da shi."

"Kunne fa? Kin yi wa ido shinge kin bar kunne a fili."

"Kaka ta ce ita bangon ya yi mata daidai. Ta ce tunda aka haife ta ba a taɓa yi mata gini mai daɗinsa ba."

"Ai dole ta ce haka."

Ya daure wata guda, ya shiga na biyu. Rannan tsohuwa ta taɓo inda ke masa ciwo. Ta ce wa na'ura akwai mutumin da ya shekara biyar a birni yana mulkin mutane ta waya, matarsa na saran itace ita kaɗai, yanzu ya dawo yana cewa shi ya gina ɗaki, alhali ko bulo ɗaya bai ɗaga ba. Clifford ya ji jininsa ya tafasa, na cikin jiki da na cikin roba. Ya juya ga tasa na'urar, karo na farko.

"Ke na'ura," ya ce da ƙarfi, "ki gaya wa duk mai kunne. Ko a kai bangon nan rufi, ko in tattara in koma Alice. Gara in mutu a masauki da in mutu da surutu."

Ɗaya gefen ya yi tsit. Ya ji daɗin shirun ƙwarai, ya ɗauka nasara ce. Ba da gaske yake ba. Ko da bulala ba zai koma Alice ba. Barazana ce irin ta taro, wadda ya saba yi a ba shi haƙuri.

Ya kira kwamiti. Tunda tsarin ginin shi ne a saurari mutane, aka saurare shi. Delvene ta yi kwana da kwanaki tana fama, ta samo katako mai shanye ƙara, ta sa aka huda wa iska wata hanya ta cikin silin. Ta yi aikin da kyau, amma ya lura ba ta haɗa ido da shi.

Ranar da aka gama, Rosina ta fita da sassafe kamar kullum. Clifford ya shigo ta yamma, ya ɗaga kai ya ga bango ya haɗe da rufi, ba ko tsaga. Aka jona shi. Shiru. Ba abin da yake ji sai bugun na'ura. Ya kalli dutse, ya yi barci, ya farka, har yanzu shiru.

"Marites, kin ji ko?"

"Me, Kawu?"

"Ba komai. Shi nake nufi. Wannan shi ne gini. In aka saurari masu wuri, haka ake samu."

Marites ta duba ma'aunin jininsa. Sai a awa ta ƙarshe ya lura tun safe ba ta zagaya bayan bango ko sau ɗaya ba.

Delvene na zaune a inuwar ƙofar yamma lokacin da ya fito, auduga manne a hannunsa.

"Aikinki ya yi kyau," ya ce. "Ko tari ban ji ba."

"Ba kowa a ciki, Baba."

Ya tsaya.

"Kaka ta bi bas ɗin safe. Tun ranar da ka yi maganar ta sa Marites ta nema mata kujera a Alice. Ta ce ita ta ga dutsen nan ya ishe ta, kai kuwa shekara biyar ba ka gan shi ba. Ta ce ba za a ce bakinta ya kori uban jikokinta daga ƙasarsa ba."

"Ai wasa nake. Kowa ya san wasa nake."

"Ita ba ta taɓa zama taronka ba, ina za ta sani?"

Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta da wurin ajiyewa. Ba zai iya buga mata waya ba. Ba zai iya zuwa ya durƙusa ba. Ko sunanta ba shi da izinin furtawa ya ce a dawo da ita. Sai ya tambayi abin da ya riga ya san amsarsa.

"Uwarki fa?"

"Tsohuwa mai ciwon ƙoda za ta zauna masauki ita kaɗai?" in ji Delvene. "Mama ta ce abincinka na cikin tukunya, ka ɗumama. Jibi da safe ni zan zo in tashe ka."