Ragon Alhaji Ziyad

Ragon ya iso gidan ranar Talata da hantsi, saura kwana tara layya, Hafsatu tana wurin aiki. Da ta dawo da la'asar ta tarar da shi ɗaure a gindin darbejiya, fari tas, ƙahonsa ya yi naɗi biyu. Mijinta Dawuda na tsugune yana ba shi harawa a baki. Dawuda fa mutum ne da ko ruwan sha sai an miƙo masa, amma yau da kansa ya ɗebo wa rago bokiti guda.

"Malam, na wane ne?" in ji ta.

"Namu ne. Direban Alhaji Ziyad ya kawo, ya ce barka da sallah."

Hafsatu ita ce ekonom ta wata makarantar kwana ta 'yan mata a Garwa, wato duk abin da zai shiga tukunyar yara ɗari uku ta hannunta yake bi. A makon nan ne kuma za ta zaɓi wanda zai riƙa kawo musu kifi banda a shekara mai zuwa. Mutum biyu ne suka nema: Madam Josiane, mai sayo kifinta daga wajen Tibati, da Alhaji Ziyad mai motocin kifin tafkin Lagdo. Shekara shida tana wannan aiki, Alhaji bai taɓa tuna ta da ko goro ba sai bana.

"Sai dai ya koma," ta ce.

"Haba, Maman Khaula! Kyauta ce. Mutumin nan kakansa da kakana tare suka zo da fatauci daga Kano. Ki mayar masa, a ce mun ci masa fuska? Kuma Hubert maƙwabci ya riga ya gani, har ya ɗauki hotonsa."

Ita ma ta san haka. A unguwarsu ba a mayar da kyauta, ko kwano aka aiko ba ya komawa wayam. Ta dubi ragon, gaskiya ya shiga ranta, don albashinsu su biyu ba zai kai su ko kusa da irinsa ba. Ta yi ta juya maganar har ta ƙona tuwo. Abin da ya fi damunta shi ne ta riga ta ɗanɗana kifin duka biyun, kuma harshenta ya karkata ga na Alhaji tun kafin zuwan rago. In ta zaɓe shi, ita kanta ba za ta ƙara sanin ko kifin ta zaɓa ko ƙahon ba. In kuwa ta ƙi shi don kawai a ce tana da gaskiya, yara ne za su sha miyar da ba ta kai ba shekara guda.

Da safe ta shiga ofishin shugabar makarantar, Madam Florentine, ta kwashe komai ta faɗa mata. Florentine ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye.

"Rago? Ni wanda ya kawo mana benci, agogon bango ya ba ni, kuma bai taɓa aiki ba. To yanzu me kike so mu yi?"

"A cire harshena daga maganar, Madam. A dafa tukunya biyu, yaji ɗaya, kuɓewa ɗaya. Ke kaɗai za ki san wanne ne na wa. Masu ci su zaɓa."

Haka aka shirya. Saura rago. Hafsatu ba ta bi da shi ta kasuwa ba, don ba tozarta mutum take so ba. Ta sa aka loda shi a keken kaya mai ƙafa uku, ta bi ta bayan layi zuwa wurin mahaifiyar Alhaji, Inna Sharifa, da kwanon dakuwa a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, ajiya na kawo miki. Ɗanki ya yi mana alheri, mun gode, amma ya zo a makon da ba zan iya ci ba."

Tsohuwar ta dubi ragon, ta dubi Hafsatu, ta ɗauki dakuwa ɗaya ta gutsura. "Useko, na gode, 'yata. Bar shi nan. Ni zan gaya masa."

Dawuda ya yi kwana biyu yana fushi, gaisuwa ma sai da ka yake yi mata.

Ranar Alhamis aka jera tukwane a ɗakin cin abinci, an rubuta ɗaya da biyu da alli. Aka kira 'yan aji na ƙarshe, su da ba sa jin kunyar kowa a kan abinci. Josiane ta zo da kanta. Alhaji Ziyad ma ya zo, fuska a murtuke, ko inda Hafsatu take bai duba ba. Ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa, tana roƙon Allah a ranta Josiane ta ci, don bakin mutane ya mutu. Ta kama kanta tana wannan addu'ar, ta ji kunya, ta daina.

'Yan matan suka sha, suka yi gardama, wata ta ce ta ɗaya tana warin hayaƙi. Kafin a ce a ɗaga hannu ma an kusa ganin gindin tukunya ta biyu. Florentine ta buɗe takardarta ta ce, "Ta biyu, kifin Alhaji Ziyad ne."

Josiane ta karɓi cokali ta ɗanɗana ta biyun, ta gyaɗa kai. "Bon, shi ke nan, ya fi nawa bushewa. Zan canza mai yi min banda. Baɗi za ku gan ni." Ta yi sallama da kowa ta tafi. Hafsatu ta ji tausayinta ƙwarai, don ta san nisan hanyar Tibati.

Alhaji bai motsa ba. Da ɗakin ya watse ya matso wurin Hafsatu, muryarsa a ƙasa.

"Hajiya, da gaske ba su san nawa ba ne?"

"Ni ma ban sani ba, Alhaji."

Ya zauna a kan bencin yara, babbar rigarsa tana jan ƙasa. "Shekara goma sha biyu ina tura raguna. Asibiti, otal, ko'ina. Duk inda aka ba ni aiki, na ɗauka ragon ne." Ya dubi tukunyar. "Akwai saura? A zuba min in ji."

Aka kankaro masa abin da ya rage. Ya sha a hankali, kamar baƙon da aka ba abincin wani gari, har ya suɗe yatsa.

Ranar layya Dawuda ya yanka ɗan ragon da suka saya da guminsu, wanda Hubert ya ce a tambaya ko ya kai shekara. Naman yana da tauri, sai da Hafsatu ta ƙara itace sau biyu. Ta zauna a gindin darbejiya, inda igiyar wancan ragon take ɗaure har yanzu, ta ci ta ƙoshi, ta miƙa hannu ta ƙara.