Dokar Adana Ƙafa

A Zuru babu hamada. Duwatsu ne da gonakin dawa, da damina kuwa ciyawa har ƙugu. Wannan bai hana wasu manyan mutane masu iyali kafa Ƙungiyar Masu Tattaki a Hamada ba. Shekara huɗu suna zama duk Asabar a barandar shagon sakatariyarsu, Madam Ngozika. Sun yi hula, sun yi kati, sun sassaƙa hatimi, amma ko taku ɗaya ba su taɓa yi tare ba.

Kefas ya shiga ne saboda likita ya ce jininsa ya hau, in bai riƙa tafiya da ƙafa kullum ba, ɓarin jikinsa zai shanye. Ya rubuta masa haka, ya buga hatimi. Shi kuwa Kefas shekara talatin da biyu ya yi yana aikin masinja, kuma abin da aikin ya koya masa ɗaya ne: takarda mai hatimi ba a yi mata gardama.

Wata Asabar aka raba Sanarwa ta Goma Sha Tara. Ta ce daga yau an hana kowane memba tafiyar da ta wuce daga ƙofar gida zuwa bakin titi, a adana ƙafa sai ranar da za a je hamada. Zuwa taro kuma a kan babur ne. A ƙasa ga hatimi, shuɗi, bai ko bushe ba.

Kefas ya sa takardar likita a aljihun dama, ta ƙungiya a na hagu, ya zauna. Kwana tara yana zaune, ƙeyarsa na sara. Ran na goma ya tashi ya ji hannunsa na hagu kamar na aro. Tsoro ya kama shi, ya ɗauki sanda ya nufi ƙauyen Manga da ƙafa. A hanya ciyaman ɗin ƙungiyar, Alhaji Lawwali, ya hango shi daga gaban motar dawa.

Ranar Asabar aka tsayar da shi a tsakiyar baranda.

"Kefas, mi ya kai ka Manga da ƙahwa?" in ji Alhaji Lawwali.

"Ranka ya daɗe, likita ne ya rubuta."

"Likitan memba ne?"

"A'a."

"To ina ruwanmu da shi? Ka ga rairayi a hanyar?"

"Laka dai, ranka ya daɗe."

"Laka! Jama'a kun ji. Ƙahwar da muke ajiya don hamada ya kai ya tsoma a laka!"

Madam Ngozika ta ɗaga biro. "Baba Kefas, ka ba mu kunya fa. Mutane za su ce ƙungiyar yawo ce muke yi."

Wasu suka ce a kore shi. Aka buɗe tsarin mulki, sai aka ga kora a hamada kaɗai ake sanar da ita. Aka yi ta muhawara har lemon da ke kan tebur ya yi ɗumi. Manyan banza, da furfurarsu, babu wanda ya tambayi yadda hannun bawan Allah ya kwana.

Daga ƙarshe ciyaman ya miƙe ya yanke hukunci. An ƙwace wa Kefas 'yancin hawa babur na wata uku. Duk inda za shi, da ƙafa, don duk Zuru ta gani, ya ji kunya.

Kefas ya yi lissafi. Wata uku, ya ce a ransa, sannan kuma a mayar da ni kujera in shanye.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da ban faɗa ba. Dawowa ma da ƙafa na yi."

"Subhanallahi! Madam, mai da shi wata shida."

"Kuma ban bi ta titi ba, na zaga ta bayan dutse."

"Baba, ka rufe baki mana, kana ƙara wa kanka!" in ji Madam Ngozika.

"Kuma na ji daɗi."

Baranda ta ɗauki salati. Alhaji Lawwali ya fizge biron daga hannun Madam, ya soke wata shida, ya rubuta da hannunsa: har abada.

Kefas ya karɓi takardar da hannu biyu ya yi godiya. Da aka tashi, membobi suka hau babura suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, suna girgiza kai don tausayi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yadda ya dace da mai laifi, har sai da na ƙarshensu ya sha kwana. Sannan ya gyara riƙon sandarsa, ya bar hanyar gidansa a dama, ya bi mai nisa.